Sa Gudu Ya Zo

Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A ƙasar Hausa, da ma duk inda Bahaushe ya kafa zango, gudu na yara ne da 'yan tsere da wanda masifa ta koro. Da zarar mutum ya kai munzalin da ake ce masa dattijo, ana sa ran tafiyarsa ta yi nauyi, muryarsa ta yi ƙasa, rigarsa kuma ta yi faɗi. In aka hango magidanci mai furfura ya zuba da gudu a kan titi, ba shi za a duba ba, bayansa za a duba, a ga abin da ya biyo shi. Haka nan kuma teɓa. Mutum in ya ajiye ta, sai a ce hutu ya karɓe shi, in kuwa ta zube, sai a shiga tambayar iyalinsa ko lafiya. Wannan al'ada ta samo asali ne tun zamanin da gona da fatauci da tafiyar ƙasa suke cinye ƙiba tun kafin ta zauna, watau sa'ad da ba kowa ne yake samun zaman kujera ba. Yau kujera ta wadata, mota da babur sun wadata, amma al'adar tana nan inda take.

Akwai wani dattijo a cikin garin Jos wanda sa gudu ya zo masa, ba a siffar zaki ko ɗan fashi ba, a siffar 'yar takarda daga ɗakin gwajin jini. Mahaifinsa yana cikin Hausawan da suka hau tudun Filato don aikin kuza, ya yi shekaru yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka daga rami zuwa wurin wanki, bai taɓa sanin abin da ake kira hawan jini ba. Shi kuwa ɗan, Allah Ya nufe shi da karatun boko. Ya kama aikin akawu a wata ma'aikata yana ɗan shekara 20, ya yi ta hawa mataki mataki har ya zama babban jami'i mai ofis nasa na kansa da masinja a bakin ƙofa. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi ta biyun ce ta riske shi, ya yi ritaya yana da shekara 55, aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango, kowa yana cewa, "Alhaji, sai a je a huta."

To, ya je ya huta ɗin. Da safe shayi mai kauri da burodi, da hantsi barci, da la'asar majalisa a ƙarƙashin bishiya, inda ake zagayawa da lemon kwalba da tsire ana warware siyasar duniya. Ba a yi shekara ba sai ƙishirwa ta addabe shi, fitsarin dare ya hana shi barci, rubutun jarida ya riƙa yi masa hazo. Matakalar masallaci guda biyar sai ya tsaya ya numfasa kafin ya gama ta. Da uwargida ta matsa, ya je asibiti. Likitoci suna cewa mutum yana da ciwon sukari in an auna jininsa da safe kafin ya ci kome aka sami 126 ko fiye a ma'aunin da aka saba, kuma aka sake gwaji ya tabbata. Hawan jini kuwa daga 140 bisa 90 yake farawa. Nasa duka biyun sun haura, kuma ba da kaɗan ba.

Likitan yaro ne, sa'ar ɗansa na fari, amma bai ɓoye masa kome ba. Ya ce, "Baba, magani zan rubuta maka, kuma za ka sha shi. Sai dai magani rabin aikin zai yi. Sauran rabin yana cikin kwanon abincinka da ƙafafunka." Ya bayyana masa cewa ciwon nan ba ya kisa da gaggawa, a hankali yake bi ta ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa da zuciya yana ɓarna. Dattijon bai bukaci dogon bayani ba. Ya san abokan aikinsa da suka riga shi ritaya, ya san wanda aka yanke wa yatsu, ya san wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya kuma san waɗanda aka kai makwanci tun ba a gama lissafin haƙƙinsu na barin aiki ba. Ga shi kuma da 'yar auta wadda ba ta gama firamare ba. A kan hanyar komawa gida ya yi lissafi irin na akawu: kafin yarinyar nan ta kai ɗakin miji ana bukatar shekara goma sha, shi kuwa a yadda yake jin jikinsa ba ya iya rantsuwa a kan biyar, ko da yake rai da ajali na Allah ne.

Ya fara da tafiya. Bayan sallar asuba sai ya bi titin unguwa da carbi a hannu, don duk wanda ya gan shi ya ɗauka wuridi ne ya fito da shi. Ya yi kamar wata biyu a haka, daga minti goma har ya kai minti arba'in. A nan ne ya haɗu da wani maƙwabcinsa, tsohon soja, wanda ya yi shekaru yana horar da kurata kafin ya bar aiki, kowa yana kiransa da muƙaminsa, Saje. Wata rana Saje ya tare shi ya ce, "Alhaji, tafiyar nan ta yi maka amfanin da za ta yi. Jikinka ya saba da ita, yanzu kana yi ne kamar mai zuwa gaisuwar surukai. In kana so, akwai wani abin da ya fi wannan zafi, kuma ya fi shi gajarta. Amma ba zan sa hannu ba sai ka kawo mini yardar likitanka."

Abin da Saje yake nufi shi ne motsa jiki mai tsanani wanda ake yi a gutsuttsure: mutum ya zage iyakar ƙarfinsa na ɗan lokaci kaɗan, ya sassauta har numfashinsa ya dawo, sa'an nan ya sake zagewa. Ba sabon abu ba ne a wurin 'yan tsere. Emil Zatopek, wani sojan ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, da wannan dabara ya horar da kansa, yana maimaita gudun mita 400 sau da yawa a rana ɗaya, har ya cinye lambar zinariya uku a wasannin Olamfik na birnin Helsinki a 1952, watau tseren mita 5,000 da na mita 10,000 da na dogon zango. Haka Roger Bannister na Ingila, ɗalibin likita ne wanda ba shi da lokaci sai na hutun cin abincin rana. A cikin wannan ɗan lokaci yake maimaita gudun rubu'in mil sau goma da ɗan hutu a tsakani, har ranar 6 ga Mayu, 1954, a Oxford, ya zama mutum na farko da ya gama mil ɗaya a ƙasa da minti huɗu. A 1996 kuma wani masani ɗan Japan, Izumi Tabata, ya wallafa binciken da ya yi suna, inda samari suka riƙa tuƙa keken motsa jiki da matuƙar ƙarfi na daƙiƙa 20, su huta daƙiƙa 10, har sau bakwai ko takwas, abin da bai wuce minti huɗu ba, aka kuma ga ƙarfin numfashinsu ya ƙaru sosai cikin mako shida. Amma fa waɗannan samari ne da suka saba da wasanni, ba tsofaffin ma'aikata masu teɓa ba.

Saboda haka sharaɗin Saje ba na wasa ba ne. Labarin Jim Fixx, wani Ba'amurke, ya isa ishara. Ya fara gudu yana da shekara 35, mai ƙiba ne kuma mashayin taba, ya sauya rayuwarsa ƙwarai, har ya rubuta littafi a kan gudu a 1977 wanda ya sa dubban mutane suka fito titi. A 1984 ya faɗi ya mutu yana cikin gudu, yana da shekara 52. Da aka bincika gawarsa sai aka tarar jijiyoyin da suke kai wa zuciyarsa jini sun toshe, kuma mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana da shekara 43. Gudu yana ƙarfafa zuciya, amma ba ya buɗe abin da ya riga ya toshe, kuma tsananinsa yana iya tone ciwon da yake kwance. Dattijon ya koma asibiti, aka yi masa gwajin bugun zuciya, aka duba bayan idonsa da tafin ƙafarsa da ƙodarsa, aka jira har hawan jinin ya sauka da magani. Sa'an nan likita ya yarda, da gargaɗi uku: ya sa takalmi mai laushi kuma ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar sukari, in kuwa ya ji nauyi a ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe ba irin na gajiya ba, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Jos ba ta rasa tudu ba. Garin yana bisa tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma kusan kowace unguwa tana da hawa da gangara. Saje ya zaɓi wata 'yar hanya mai hawa a bayan unguwarsu. Tsarin kuwa ga shi: tafiyar minti goma don jiki ya ɗumama, sa'an nan a hau tudun da gudu na daƙiƙa 30, a sauko da tafiya a hankali na minti biyu, a sake. A makon farko sau huɗu kawai. Kwana uku a mako, Litinin da Laraba da Asabar, ba a jere ba. A wasu kwana biyun kuma aikin ƙarfafa tsoka ne a tsakar gida: ya tsugunna ya miƙe sau goma, ya dafa bango ya tura jikinsa sau goma, ya ɗaga jarkar ruwa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 kuwa ita ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko ya haɗa biyun, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Saje ya koya masa lissafin da ya dace da tsohon akawu. A cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin iyakar bugun zuciyarsa a minti ɗaya. Ga mai shekara 55 ya zama 165 ke nan. A kan tudu ana so bugun ya kai wajen kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wannan, watau tsakanin 132 da 148. Yadda za a sani kuwa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Wannan ƙiyasi ne kawai, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya har lissafin ya ɓaci, don haka akwai ma'auni mafi sauƙi: in mutum yana iya hira, bai kai ba, in kalma biyu ko uku kaɗai yake iya fitarwa, ya kai, in kuwa ko ɗaya ba ta fita, ya wuce gona da iri.

Daƙiƙa 30 ba kome ba ce a agogon ofis. A kan tudu kuwa sai dattijon ya tarar tana da tsawon wa'azin Juma'a. Ƙirji ya ɗauki zafi, cinyoyi suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, bakinsa ya bushe. Ciwon jiki na gaske ma sai a rana ta biyu ya sauka, har zaman tahiya ya zama aiki. Uwargida ta dube shi yana dafa bango ta ce, "Malam, anya wannan neman lafiya ne? Mu da muke lallaɓa ka, kai kuma ka je kana kai kanka inda za a ɗauko mana kai?" Ya ce mata ta yi haƙuri zuwa mako biyu. Ciwon tsoka irin wannan yakan yi tsanani ne tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da jiki bai saba ba, sa'an nan ya lafa, kuma ba ya dawowa da irin ƙarfin farko. Haka kuwa aka yi.

Amma ciwon cinya bai kai ciwon kunya ba. Tudun yana kan hanyar masu zuwa kasuwar Farin Gada da 'yan makaranta, kuma babu carbin da zai ɓoye mutum mai gudu. Labari ya riga shi isa majalisa. Wani ya ce, "Alhaji, mun ji an ce amarya za a yi, shi ya sa ake gyaran jiki." Wani ya ce soja yake so ya shiga bayan tsufa. Wani aminin nasa kuma ya ja shi gefe, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Alhaji, ka dubi girmanka. Kana da surukai a unguwar nan. Mutum kamarka a gan shi yana haki cikin wandon 'yan ƙwallo?" Wannan magana ta fi duk sauran shigarsa, domin shekara 35 ya yi yana gina wannan girma, kuma shi ne kaɗai abin da ritaya ba ta karɓe masa ba. Ya yi kwana uku yana juya ta a zuciya.

Limamin unguwa ne ya raba gardamar, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya tambayi 'yan majalisar, waɗanda yawancinsu sun sauke farali, ko sun tuna abin da suka yi tsakanin Safa da Marwa. Zuwa da dawowa sau bakwai, tafiyar da ta kai kusan kilomita uku, kuma a kowane zuwa in namiji ya iso tsakanin korayen alamun nan biyu sai ya yi sassarfa, in ya wuce su ya koma tafiya. Sarki yana yi, attajiri yana yi, malami yana yi, ba a taɓa jin wanda girmansa ya zube a wurin ba. Ya kuma tuna musu cewa ya inganta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, har sau biyu. Ya ce jiki amana ne, kuma bai san inda aka ce a bar amana ta lalace don gudun dariyar mutane ba. Majalisa ta yi tsit, aka koma zancen tsadar taki.

Da ma in an duba da kyau, babu baƙon abu a cikin wannan tsari. Manomi a ranar gayya haka yake yi, ya kama kunya da garma ya zage har ƙarshenta, ya miƙe ya share gumi, ya kama ta gaba. 'Yan dambe turmi uku suke yi da hutu a tsakani. Mata masu daka haka suke, lugude ya yi zafi, a tsaya a sheƙe, a koma. Mahaifin dattijon ma da kwanon kuzarsa, hawa da kaya ne da saukowa babu kaya, tun safe har yamma. Abin da kakanni suke samu a cikin neman abinci, shi ne jikoki suke fita nema da agogo a hannu.

Dalilin amfaninsa ga mai ciwon sukari kuwa a fili yake. Tsoka ita ce babbar mai cin sukarin da yake yawo cikin jini. In tana zaune, sai sinadarin insulin ya buɗe mata ƙofa kafin sukari ya shiga, kuma a jikin mai wannan ciwo ƙofar ta yi tsatsa. In kuwa tsoka tana aiki, tana jan sukari da kanta ko da insulin bai wadata ba, kuma bayan an gama takan ci gaba da karɓarsa cikin sauƙi har kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa likitoci suke cewa kada mai ciwon ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba.

Akwai kuma abin da dattijon ya gano wanda ba ya cikin lissafin likita. Da farko ya ɗauka hawan ne aikin, saukowar kuwa ɓata lokaci ce. Saje ya ce masa a'a, wanda bai sauko a hankali ba, ba zai iya hawa na gaba ba, kuma ranar da ba a fita ba, a ranar ne tsoka take ginuwa. Sai ya lura cewa minti biyun nan na saukowa sun fi duk barcin hantsin da ya yi tun da ya bar aiki daɗi. Iska tana shiga har ƙasan huhu, gari yana wayewa a kan duwatsu, zuciya tana komawa mazauninta. Hutun da aka yi masa addu'arsa ranar walima ba shi da aiki a gabansa, ba shi da aiki a bayansa, shi ya sa ya zame masa ciwo. Tun daga nan ya sake tsarin yininsa duka a kan wannan misali. Ya karɓi rubuta wa marasa karatu na unguwa takardun neman haƙƙinsu, ya koma gaban malami da littafin da ya ajiye tun yana saurayi, ya kuma riƙa kai 'yar auta makaranta da ƙafa. Majalisa bai bar ta ba, amma ruwa yake sha, kuma da kiran magariba yake tashi.

Ba kullum abin yake tafiya sumul ba. Hunturun Jos ba ya wasa, akwai asubar da bargo yake rinjayar niyya, sai an ji Saje yana buga ƙofa yana cewa, "Alhaji, tudu na gaisuwa." Da azumi ya zo, likita ya sauya masa lokutan shan magani, aka dakatar da hawan tudu da safe, aka mai da shi tafiya bayan sallar asham. Akwai kuma makonnin da sikeli ya ƙi motsi ko kaɗan. Amma sannu ba ta hana zuwa. Hawa huɗu ya zama shida, shida ya zama takwas. Tela ya rage masa wanduna. Matakalar masallaci ta daina zama abin shawara. Bayan wata shida likita ya duba takardun gwaji ya rage masa yawan magani, amma ya ja masa kunne cewa ciwon bai warke ba, an dai ɗaure shi ne, kuma ranar da aka saki igiya zai tashi. Dattijon bai daina shan abin da aka rubuta masa ba, bai kuma saurari masu cewa gumi ya wanke ciwon ba.

Ramar da ya yi ta jawo wata sabuwar tambaya, har wata 'yar'uwarsa ta zo daga Bauci takanas don ta ji ko wani abu ake ɓoye mata. Uwargida ce ta ba ta amsa, domin ita ma a lokacin ta fara zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba, tana cewa tun da injin niƙa ya karɓe mata turmi ba ta sake yin gumin kirki ba. Daga cikin 'yan majalisa kuma mutum biyu sun bi sahu, ɗaya ma shi ne mai zancen amarya. Saje bai sassauta musu ba, ya ce kowa ya kawo takardar likitansa. Sauran suna nan suna dariya, sai dai dariyar ta rage ƙarfi.

To, jama'a, ma'aikata nawa ne a Kaduna da Legas da Abuja da Fatakwal suke ƙirga watannin da suka rage musu su ajiye aiki, suna tanadin fili da shago, amma ba su tanadi jikin da zai ci moriyar abin ba? Wanda ya kai shekara 40 ya je a auna jininsa ko da ba ya jin kome, domin hawan jini da sukari ba sa sallama. Wanda aka ce ya motsa, ya fara da tafiya, ya nemi yardar likita kafin ya hau tudu, ya kuma nemi aboki mai buga ƙofa. Hukumomi su ma su bar wa unguwanni filayen da ba a yanka an sayar ba, har da wurin da mata za su sake. Masu dariya kuwa a yi musu uzuri, nasu sa gudun ne bai iso ba tukuna. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, masu ita kuma Ya ba su ikon riƙe amanarta, amin.